Rigar da Ba a Kalmasa Ba

Ofishin tafiye-tafiyen yana hawa na biyu, saman wani shagon tabarau, matakalarsa ashirin da uku. Gwiwata ce ta ƙirga. Da na kai sama na tarar da sanyin na'ura, da kujeru uku, da bango cike da hotunan mutanen da ba su da wani aiki a duniya sai dariya a bakin teku.

Mai ofishin mace ce, ba za ta girmi 'yata ba. Ta miƙe ta jawo mini kujera.

"Sannu da hawa, Baba. Ina za mu kai ka?"

Na ciro takardar daga aljihu na shimfiɗa mata a kan tebur. Shafi ne da aka yago daga wata mujalla, ya yi laushi kamar tsumma saboda ninki. A jikinsa akwai 'yan ɗakunan katako da aka kafa bisa ƙafafu a cikin ruwa, ruwan kuma shuɗi, irin shuɗin da na daɗe ina zargin a injin buga hoto kaɗai ake samunsa.

Ta dubi hoton, ta dube ni. "Baba, wannan tsibirin ai yawanci masu amarci ne ke zuwa."

"To ki nemo mini ɓangaren waɗanda suka gama."

Ta rufe baki da hannu. Sai ta juyo da fuskar kwamfutar wajena, ta shiga karanto mini hanya kamar mai karanta hukunci. Jirgi na farko awa bakwai. A jira awa biyar a wani filin jirgi. Jirgi na biyu awa shida. Daga nan a shiga wani ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa, sannan kwale-kwale mai inji ya ƙarasa da mutum. A can kowane ɗaki da ma'aikacinsa, akwai gilashi a daɓen ɗakin da za ka riƙa kallon kifi kana kwance, kuma tun kafin ka iso za a tambaye ka irin matashin kan da kake so, cikin iri bakwai.

"Shekara saba'in da ɗaya ina kwana a kan iri ɗaya," na ce.

"Ka samu damar gwada na biyu ke nan. Mutum nawa ne?"

"Biyu."

"Kai da Mama?"

"Mama ta riga mu tafiya. Wata goma sha ɗaya ke nan."

Hannunta ya tsaya a kan madannai. Ta yi mini ta'aziyya a hankali, ba ta cika ta da surutu ba, hakan ya sa ta kwanta mini a rai. Na ce da ita ni da 'yata ne za mu je, ɗaki biyu, kwana goma.

"Fasfo ɗinta fa?"

"Tana da shi, takan fita saro yadi. Labarin tafiyar ne dai ba ta da shi."

Mai ofishin ta duba kwamfutar. Ta ce za ta iya riƙe mana kujeru biyu da ɗakuna biyu zuwa ranar Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana. Idan suna na biyu bai shiga ba kafin nan, na'ura za ta saki komai da kanta, ita kuwa na'ura ba ta san Baba ba.

Ranar Litinin ce.

Matata tela ce. Tela nake kiranta tun muna saurayi da budurwa, ita kuma tana ce mini Malam, duk da ban taɓa koyar da kowa ba. Shekara talatin da takwas na yi a laburaren gari, ina jera littattafan da mutane ke ara su dawo da su ba su buɗe ba. Shafin nan ta yago shi ne a ɗakin jiran likitan haƙori, 'yarmu na goye a bayanta. Ta kawo mini shi gida kamar wadda ta tsinci zobe.

"Malam, dubi. Wai a kan ruwa ake kwana."

Na duba, na yi mata bayani. Na gaya mata yadda murjani ke taruwa ya zama tsibiri, da waɗanda suka mulki wurin, da abin da suka yi wa mutanen da suka tarar. Washegari na aro mata littafi. Haka muka yi ta yi har shekara talatin: ita ta ciro shafin, ni in ciro dalili. Wata shekarar na ce damina ce a can. Wata shekarar na karanta cewa sauronsu ya fi namu ƙwarewa. Wata shekarar na ce teku na cin tsibirin, mu jira mu ga abin da zai rage. Ba rashi ne ya hana ba. Akwai wani fili da na ajiye, wai zan gina ɗakin karatu na kaina in na yi ritaya. Filin na nan har ta rasu, awaki ne ke karatu a cikinsa. Bayan rasuwarta na sayar da shi cikin mako guda, ban sha wata wahala ba, abin da ya fi komai ba ni haushi ke nan.

Ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba. Sai ta ninke shafin ta mayar cikin gwangwanin maɓallai, ta ce, "To, Malam. Allah ya kai mu baɗi." Akwai shekarar da ta sayo akwatin tafiya, babba, ruwan toka, mai ƙafafu. Na tambaye ta ina za shi. Ta ce shi ma baɗi yake jira. Ta sa na ɗora shi saman kabad.

Wadda ta yi faɗan 'yarmu ce, ita kaɗai Allah ya ba mu. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Kwana uku da rasuwar, baƙi sun watse, tana tattara kofuna, ta faɗa ba tare da ta ɗago ba: "Shekara talatin tana roƙonka ka kai ta ta ga teku, Baba. Kai kuma kana karanta mata shi." Tun daga ranar ba ta ƙara ba, ba ta kuma janye ba. Tana zuwa duk Juma'a ta gaishe ni, ta duba magungunana, ta tambayi gwiwa, ta tafi. Gaisuwa cikakkiya, babu inda za ka kama ta da laifi. Na gwammace zagi. Ita nake so ta dawo mini, ban kuwa san wata hanya ba sai wadda ke jikin shafin nan.

Na shirya zuwa wajenta yadda na iya shirya komai. Na ɗauko katunan da muke rubuta sunayen littattafai a kansu kafin kwamfuta ta kore su, na cika goma sha huɗu. Kati ɗaya na yanayi. Ɗaya na allurar rigakafi. Ɗaya na abin da za a yi in jirgi ya makara. Ɗaya na wanda zai riƙa kai yaranta makaranta, domin na riga na yi waya da mijinta, mutumin kirki ne, duk da karatunsa bai wuce na saƙon waya ba. Na ɗaure su da roba.

Shagon ɗinkin Tela yana bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga. Uwata ce ta gaje shi. Komai na inda yake: keken ɗinki mai feda a jikin taga, teburin yanka da ya sha almakashi, dogon madubi mai tsaga a kusurwa, da ɗan akwatin katako da masu gwada kaya ke hawa. A kan wannan akwatin Tela ta yi suna. Dokarta ce ba ta kalmasa bakin doguwar riga sai mai ita ta zo ta tsaya a ciki, ko da ta san awonta kamar sunanta. Takan ce tef ya san tsayin mutum, amma bai san yadda yake tsayuwa ba. Ta sha rasa ciniki saboda wannan taurin kai.

Na tarar da Uwata a gaban teburin, tef a wuya, alli a hannu.

"Baba? Lafiya? Yau Talata."

"Na sani. Ina da kalanda."

Na miƙa mata katunan. Ta cire robar, ta karanta na farko, ta karanta na biyu. A na uku ta ga sunan tsibirin. Ta ɗan bubbuɗa sauran da babban yatsa, ta mayar da robar yadda take.

"Yanzu?" ta ce.

"Watan gobe. Iska ta lafa a lokacin. Suna riƙe mana wuri zuwa jibi, sha biyu na rana."

"Ba watan nake tambaya ba. Yanzu, Baba? Da ba ta nan?"

"Na ga kamar..."

"Ka ga kamar me? In je in kwanta a ɗakin da ta yi shekara talatin tana kallo a takarda? Har matashin kai ka yi wa kati."

"Iri bakwai ne. Sai an zaɓa."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Tafiyar nan tata ce. Ba tawa ba ce, kuma ka yi haƙuri, kai ma ba taka ba ce. Ba zan shiga wurinta don ka samu barci ba."

Na karanta littattafai da dama da uba ke samun amsa a irin wannan wuri. Duk ƙarya ce, marubucin ya samu wata shida yana tunaninta. Na ɗauki katunana, na ce ta gaida yara.

Ranar Laraba mai ofishin ta kira.

"Baba, ana neman suna."

"Ni ma shi nake nema."

"In ya gagara sai mu mayar da shi na mutum ɗaya. Mutane na zuwa su kaɗai."

"Su yi me?"

"Su huta."

"Wata goma sha ɗaya ina hutawa, 'yar nan. Ban ga abin da ake yabo ba."

Ta ce ko ma dai yaya ne in auna akwatina, ƙaramin jirgin nan ba ya karɓar wanda ya wuce kilo ashirin, kuma yana da iyakar faɗi.

Da la'asar na hau kujera, abin da likita ya hana, na sauko da akwatin Tela daga saman kabad. Ban yanke ko in tafi ni kaɗai ko in fasa ba, amma mutum irina ko fasa abu zai yi sai ya auna shi tukuna. Na ɗauka fanko ne. Na ji wani abu ya zame a ciki.

Ƙunshi ne cikin tsohon zanin gado, yana warin kafur. A sama rigata ce, mai gajeren hannu, yadi mai sanyi da zanen ganye, irin wadda ko da wasa ban taɓa sawa ba. An gama ta tsaf, har da maɓallai. Aljihunta ya yi faɗi da zurfi fiye da na kowace riga. Na tsaya ina mamakin kuskure daga Tela, sai na ɗauko ƙaramin littafin da ke gefen gado na zura. Ya zauna daram.

A ƙarƙashinta doguwar riga ce ta mata, shuɗiya kamar ruwan hoton. Wuya an gama, hannu an gama. Bakin ƙasa ne ba a kalmasa ba, zare na reto.

Na zauna a bakin gado da ita a cinya har rana ta faɗi. Na ce a raina: ta ɗinka wa kanta, ta kai kalmasa ta tsaya, domin babu telan da ke iya kama bakin rigar da ke jikinsa. Sai wani ya durƙusa ya kama masa. Ni ke gidan, ban kuwa taɓa riƙe mata ko fil ɗaya ba.

Alhamis, ƙarfe goma da rabi, na isa shagon. Na riga na yanke ba zan ƙara roƙonta ba. Zan ba ta rigar uwarta, in wuce ofis in ce a saki kujerun, kada na'ura ta riga ni.

"Ban zo da kati ba," na ce tun daga ƙofa. Na ajiye ƙunshin a kan teburin yanka. "A akwatin nan na saman kabad na samu. Rigarta ce ta tafiyar, ba ta ƙarasa ba. Ke ya kamata ki ajiye."

Ta goge allin hannunta kafin ta taɓa. Ta shimfiɗa rigar, ta shafa ta da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, yadda uwarta ke yi. Ta daɗe tana kallo. Sai ta zare tef daga wuya, ta aza daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ta aza daga wuya zuwa ƙasa. Ta sake azawa.

"Baba, shekara nawa kuka yi da Mama?"

"Talatin da shida."

"Talatin da shida, ba ka san tsayin matarka ba?"

"Na san nan take kawo mini." Na nuna ƙasan kafaɗata.

"To wadda ke kawo maka nan, in ta sa wannan sai ta share titi da ita. Kafaɗar Mama inci sha bakwai ce. Wannan sha biyar." Ta dafa kafaɗarta. "Sha biyar tawa ce."

Ta juya rigar ciki ya koma waje, ta kai ɗinkin kusa da idonta, sannan ta miƙo mini. Ni ban ga komai ba sai zare.

"Ba keke ba ne, da hannu ta yi. Dubi nan, ƙanana, a jere. Dubi nan kuma, sun fara faɗi, sun fara kauce wa layi. Yaushe Mama ta daina taka keke?"

Wannan na sani. Watanni huɗu na ƙarshe, da ƙafafunta suka kumbura. Takan zauna a kujerar falo kusa da taga da wani abu shuɗi a cinya, ni ina gefe ina karanta mata. Ban taɓa tambayar na wane ne ba. Na ɗauka aikin wata mai ciniki ne da ta ƙi haƙura.

"Me kuma ke cikin akwatin?" in ji Uwata.

"Riga tawa. Mai ganye."

"Tata fa?"

"Babu."

"Ka duba da kyau?"

"Na zazzage shi, Uwata. Biyu ne."

Ta zauna a kan kujerar keken. Rediyon mai gyaran agogo na ta magana ta bango, wata mota ta wuce ta girgiza madubi. Kukanta irin na uwarta ne, babu sauti, sai hanci ya yi ja.

"Ta san ba za ta je ba," ta ce.

"Ta sani."

"Ta kuma san sai ka yi wata goma sha ɗaya kafin ka buɗe akwati."

"Ta yi mini kyakkyawan zato. Da matar can ba ta yi maganar kilo ba, da ya kai baɗi."

Dariya ta suɓuce mata a tsakiyar kukan, ta share ta da bayan hannu kamar wadda ta yi ɓarin shayi.

"Ban yafe maka ba fa, Baba."

"Ban nema ba. Ni ma ban yafe wa mutumin ba."

Ta dube ni, kallon da rabona da shi tun kafin a kai uwarta asibiti. Sai ta ɗauki rigar ta shige bayan labule. Da ta fito, kafaɗa ta zauna, hannu ya zauna, kamar a jikinta aka yanka yadin. Ta tattaro bakin da hannu ɗaya ta hau akwatin katako.

"Da takalmi ko babu?" ta ce. Tambayar da Tela ke yi wa duk wadda ta hau wurin ke nan.

"Kati na tara. Tun a bakin kwale-kwale suke karɓe takalma."

Ta cire su da ƙafa, suka faɗo ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ta miƙo mini gwangwanin fil. Na waiwaya. Babu kowa a shagon sai ni.

Na dafa teburin na durƙusa. Gwiwata ta yi ƙara kamar ƙofar tsohon kabad.

"Ninka ciki, ba waje ba. Yatsa biyu daga saman akwatin. Baba, yatsa biyu na ce, ka ba ni huɗu. Kar ka sa fil a baki, ba ka iya ba."

"Uwarki na sa biyar."

"Mama tela ce. Kai Malam ne."

Na soki yatsana sau biyu. Na zagaya ta da rarrafe, ina ninkawa ina sokawa, tana juyowa kaɗan-kaɗan don ta rage mini hanya, tana yi kamar ba don haka take yi ba. Daga inda nake ƙafafunta kawai nake gani. Ƙaramin yatsanta na hagu ya hau kan na kusa da shi, sak na uwarta. Wannan kam babu wanda zai ce ban sani ba.

Da na haɗe zagayen ta dubi madubi, ta karkata kai.

"Ta sauka ta hagu."

"A cire a sake?"

Ta leƙa agogon bango. Sha ɗaya da minti ashirin.

"Bar ta. Yadda ka kama zan ɗinka. Fasfo ɗina na gida, sai mun biya. Kira matar ka ce muna hanya."

"Sai na tashi tukuna."

Na gwada, gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Uwata ta sauko daga akwatin a hankali saboda fil, ta sa hannu biyu a hammatata ta ɗaga ni. Na fi ƙarfinta, amma ba ta saki ba sai da na tsaya, bayan na tsaya ma ba ta saki nan da nan ba.

Sha biyu saura kwata mai tasi ya ajiye mu a gaban shagon tabarau. Ta dubi matakalar, ta dubi ƙafata.

"Nawa ne?"

"Ashirin da uku."

Ta karɓi fasfo ɗina ta haɗa da nata, ta haye bibbiyu. Na tsaya a ƙasa riƙe da ƙarfen gefe, ina jin buɗe ƙofa, da gaisuwa, da muryar mai ofishin ta ɗaga da murna. Can sai kan Uwata ya leƙo daga sama.

"Baba! Wai wane matashi?"

"Ki ce na biyu."

Na ɗora ƙafa a matakala ta farko.